BABI NA UKU: Ƙa'idojin Janyewa Daga Karatu da Tasirinsu a kan Tallafin Kuɗi na Ɗaliban Aikin Jinya a Amurka

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bitar yadda ake ɗaukar ɗalibai a makarantun koyon aikin jinya na ƙasar Amurka. A wannan babi kuwa za a duba abin da kan faru idan ɗalibin da aka ɗauka ya kasa kai zangon karatu ƙarshe, ko dai saboda rashin lafiya, ko haihuwa, ko rasuwar wani nasa, ko kuma don karatun ya yi masa nauyi. Za a nuna cewa ɗalibin da ya janye yana fuskantar hukunci daga wurare uku a lokaci guda, wato sashen koyar da aikin jinya, da ofishin kuɗi na makaranta, da kuma Gwamnatin Tarayya wadda ta ba da tallafin. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da nasa ma'auni da nasa wa'adi, kuma ba dole ne su dace da juna ba. Saboda haka, ranar da ɗalibi ya janye da hanyar da ya bi ya janye su ne kan yanke makomar tallafinsa, fiye da dalilin da ya sa shi janyewar.

3.1 Tushen Tallafin da Ire-irensa

Mafi yawan tallafin da Gwamnatin Tarayyar Amurka ke bai wa ɗaliban manyan makarantu ya samo asali ne daga Dokar Ilmi Mai Zurfi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a watan Nuwamba na shekarar 1965. Kashi na huɗu na wannan doka shi ne ya tanadi taimakon kuɗi ga ɗalibai, kuma Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar ce ke gudanar da shi. Ɗalibi kan nemi taimakon ta hanyar cika wani fom da ake kira FAFSA a kowace shekarar karatu. Waɗanda suka cancanta su ne 'yan ƙasa da wasu rukunin baƙi, kamar masu takardar zaman dindindin. Ɗaliban da suka shiga ƙasar da bizar karatu kawai, har da na Nijeriya, ba sa cikin wannan tsari.

Ana iya kasa taimakon gida biyu. Na farko shi ne tallafin da ba a biya, wanda mafi shahararsa shi ne tallafin Pell. An ƙirƙiro shi a shekarar 1972, sannan a 1980 aka raɗa masa sunan Sanata Claiborne Pell na Jihar Rhode Island. A shekarar karatu ta 2024/2025, mafi yawan abin da ɗalibi zai iya samu daga gare shi shi ne dala 7,395. Na biyu shi ne rancen karatu, wanda shi ma iri biyu ne ga ɗalibin digirin farko. Akwai mai rangwame, wanda gwamnati ke ɗauke wa ɗalibi kuɗin ruwansa muddin yana makaranta. Akwai kuma marar rangwame, wanda kuɗin ruwansa ke fara hawa tun daga ranar da aka fitar da shi.

Abin lura a nan shi ne, makaranta ce ke karɓar kuɗin a madadin ɗalibi a farkon zango. Takan cire kuɗin karatu da sauran kuɗaɗenta, sannan ta miƙa wa ɗalibi abin da ya rage domin haya da abinci da littattafai. An biya kuɗin ne bisa zaton cewa ɗalibin zai zauna har ƙarshen zango. Idan wannan zato ya rushe, sai a sake lissafi.

3.2 Yadda Karatun Jinya Ya Bambanta da Sauran Fannoni

Kafin a shiga bayanin ƙa'idojin, ya dace a fahimci tsarin karatun jinya, domin shi ne ke ƙara wa janyewa nauyi. Manyan matakansa uku ne. Akwai karatun ƙaramin nas, wanda kan ɗauki kimanin shekara ɗaya, kuma sau da yawa ana auna shi da yawan sa'o'in da aka zauna a aji da asibiti. Akwai karatun shekara biyu da ake yi galibi a kwalejojin al'umma. Sai kuma digirin farko na shekara huɗu, wanda yawanci yake da kiredit 120 ko abin da ya kusanci haka. Kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas. Duk wanda ya kammala sai ya ci jarrabawar ƙasa da ake kira NCLEX kafin hukumar jinya ta jiharsa ta ba shi lasisin aiki.

Siffofi uku ne suka bambanta wannan karatu da na sauran fannoni. Ta farko ita ce kwasa-kwasan a jere suke, ba a shiga na gaba sai an ci na baya. A makarantu da dama sau ɗaya ake koyar da kowane kwas a shekara, kuma ɗaliban da aka ɗauka tare, tare suke tafiya har su gama. Ta biyu ita ce darasin aji da aikin koyo a asibiti a ɗaure suke da juna, ta yadda barin ɗaya kan tilasta barin ɗayan. Ɗalibar da ta karye a ƙafa, alal misali, tana iya zama a aji ta saurari darasi, amma ba za ta iya ɗaga majiyyaci ko tsayuwar sa'o'i a ɗakin jinya ba. Ta uku ita ce makin cin kwas a sashen jinya ya fi na sauran sassa tsanani, kuma sassa da yawa kan sallami ɗalibin da ya faɗi kwas biyu na jinya, ko ya faɗi kwas ɗaya sau biyu. Wasu ma kan ƙidaya janyewa a matsayin ɗaya daga cikin damar da aka ba ɗalibi.

3.3 Ma'anar Janyewa da Ire-irenta

Ba kowane barin kwas ne ake kira janyewa ba. A makon farko ko na biyu na zango, makarantu kan bar ɗalibi ya sauke kwas ba tare da an rubuta kome a takardar sakamakonsa ba. Bayan wannan lokaci, wanda ya bar kwas za a rubuta masa harafin W, wanda ba ya shiga lissafin matsakaicin maki. Kowace makaranta tana da ranar ƙarshe ta samun wannan harafi, wadda idan ta wuce sai a ba ɗalibi makin da ya samu, ko da kuwa F ne, wato faɗuwa.

A wajen Gwamnatin Tarayya kuwa, wanda ya janye shi ne wanda ya daina halartar dukkan kwasa-kwasansa kafin zango ya ƙare. Wanda ya bar kwas ɗaya ya ci gaba da sauran, ya rage nauyi ne kawai, ko da yake hakan ma yana da nasa sakamako kamar yadda za a gani a sashe na 3.5. Janyewar gaba ɗaya iri biyu ce:

(a) Janyewa da sanarwa: ɗalibi ya sanar da ofishin da makaranta ta keɓe. Ranar da ya fara bin matakan janyewa, ko ranar da ya ba da sanarwa, ita ce ranar janyewarsa.

(b) Janyewa ba sanarwa: ɗalibi ya daina zuwa kawai. Idan makarantar ba ta cikin waɗanda aka wajabta wa kiran suna, tana iya ɗaukar tsakiyar zango a matsayin ranar janyewarsa, ko kuma ranar ƙarshe da take da shaidar ya yi wani aikin karatu, kamar jarrabawa ko miƙa jinga. Ɗalibin da ya fito da F a dukkan kwasa-kwasansa, dole makaranta ta bincika ko ya zauna har ƙarshe ya faɗi ne, ko kuwa ya gudu ne tun da wuri.

Inda wata hukuma ta waje, kamar hukumar jinya ta jiha, ta wajabta rubuta halartar ɗalibai, to ranar ƙarshe da aka rubuta ɗalibi ya halarta ita ce ranar janyewarsa, ko da bai kai takarda ofis ba sai bayan makonni. Wannan ya shafi ɗaliban jinya ƙwarai, domin ana ƙididdige sa'o'in da suka yi a asibiti.

Akwai kuma makarantun da ke raba zango gida biyu, mako takwas-takwas, wanda tsari ne da ake yawan samu a karatun jinya. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 2021, ɗalibin da ya ci kwasa-kwasan wani ɓangare da ya kai kashi 49 cikin 100 na kwanakin zangon, ko ya ci kiredit da ya kai rabin cikakken nauyi, ba a ɗaukarsa a matsayin wanda ya janye ko da bai shiga ɓangare na biyu ba.

3.4 Ƙa'idar Mayar da Kuɗi

Wannan ƙa'ida ta fito ne daga gyaran da aka yi wa Dokar Ilmi Mai Zurfi a shekarar 1998. Manufarta ita ce ɗalibi yana cancantar tallafinsa ne kwana bayan kwana. Ana raba yawan kwanakin da ya yi da yawan kwanakin zango, bayan an cire duk wani hutu na kwana biyar a jere ko fiye. Abin da aka samu shi ne kason da ya cancanta, sauran kuwa sai a mayar wa gwamnati. Amma idan ɗalibi ya haura kashi 60 cikin 100 na zango, to ya cancanci tallafin baki ɗaya, ba a mayar da ko sisi. A karatun da ake aunawa da sa'o'i, ana yin lissafin ne da sa'o'in da aka tsara maimakon kwanaki.

Mayarwar a kan mutum biyu take. Makaranta ita ke fara biyan nata kaso, cikin kwana 45 daga ranar da ta tabbatar ɗalibi ya janye. Doka ta tsara jerin da za a bi: rance marar rangwame da farko, sai mai rangwame, sai rancen iyaye, sannan tallafin Pell da sauran tallafin da ba a biya. Abin da ya rage a kan ɗalibi yake. Idan rance ne, zai biya shi bisa yarjejeniyar da ya sa wa hannu tun farko. Idan tallafin Pell ne, doka ta kare masa rabin abin da aka ba shi, sai abin da ya haura rabin kaɗai zai mayar, kuma idan bai wuce dala 50 ba an yafe masa. Wanda aka bi irin wannan bashi yana da kwana 45 daga ranar sanarwa ya biya ko ya ƙulla yarjejeniyar biya. In ya ƙi, ya rasa cancantar tallafin tarayya a kowace makaranta a ƙasar har sai ya warware matsalar.

3.4.1 Misali

Domin a ga yadda lissafin yake, a ƙaddara wata ɗalibar jinya 'yar shekara ta biyu, a zango mai kwana 105 bayan an cire hutu. A ƙaddara an ba ta tallafin Pell dala 3,000, da rance mai rangwame dala 2,000, da marar rangwame dala 1,000, jimilla dala 6,000. Kuɗin makaranta dala 4,000 ne, sauran dala 2,000 kuwa an miƙa mata. Sai rashin lafiya ya sa ta janye a rana ta 42.

Kwana 42 cikin 105 shi ne kashi 40 cikin 100. Ke nan ta cancanci dala 2,400, sauran dala 3,600 kuma za a mayar. Kason makaranta shi ne kashi 60 cikin 100 na kuɗinta, wato dala 2,400. Da shi za ta biya rance marar rangwame dala 1,000, da dala 1,400 daga mai rangwame. Saura dala 1,200 a kan ɗalibar. Daga ciki, dala 600 ragowar rance ne da za ta biya nan gaba. Sauran dala 600 na Pell ne, amma da yake bai kai rabin da doka ta kare mata ba, wato dala 1,500, ba za ta mayar da kome daga ciki ba.

A zahiri kamar ɗalibar ta tsira, har ma bashinta na gwamnati ya ragu. To amma dokar tarayya ba ta tsara wa makaranta yadda za ta mayar wa ɗalibi kuɗin karatu ba. Kowace makaranta da nata jadawali, kuma galibi yakan ƙare ne a cikin makonnin farko na zango. A mako na shida, mai yiwuwa makarantar tana bin ɗalibar cikakken kuɗinta na dala 4,000, alhali kuwa ta riga ta mayar wa gwamnati dala 2,400 daga ciki. Wannan giɓi a kan ɗalibar zai faɗa. Rancen da za ta biya a hankali bayan ta fara aiki ya koma bashin makaranta da ake nema nan take, kuma makarantu kan hana mai irin wannan bashi sabunta rajista.

Da ɗalibar ta kai rana ta 63, ta yi kashi 60 daidai, kuma da sauran dala 2,400 da za a mayar. Da ta kai rana ta 64, ta haura iyakar, ba a mayar da kome. Kwana ɗaya tak ke tsakanin sakamakon biyu.

3.5 Ƙa'idar Ci Gaba Mai Gamsarwa

Ƙa'idar da ta gabata ta shafi kuɗin zangon da aka janye a cikinsa. Wannan kuwa ta shafi kuɗin zangunan da ke tafe. Doka ta wajabta wa kowace makaranta ta auna ci gaban ɗalibin da ke karɓar tallafi, aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma tsarin da ake bi ya fara aiki ne a ranar 1 ga Yuli, 2011. Ma'aunai uku ake dubawa:

(a) Matsakaicin maki: a karatun da ya wuce shekara biyu, ana bukatar ɗalibi ya kai matsayin C a ƙarshen shekara ta biyu, wato maki 2.0 a ma'aunin da ya tsaya a 4.0, ko kuma matsayin da zai ba shi damar kammalawa.

(b) Saurin tafiya: ana raba kiredit ɗin da ɗalibi ya ci da kiredit ɗin da ya yi wa rajista. Yawancin makarantu na bukatar kashi 67 cikin 100.

(c) Iyakar lokaci: ɗalibin digirin farko ba zai wuce kashi 150 cikin 100 na tsawon karatunsa ba. Mai karatun kiredit 120, iyakarsa 180 ce. Mai karatun kiredit 70, iyakarsa 105. Da zarar lissafi ya nuna ba zai iya gamawa cikin iyakar ba, tallafi ya tsaya, ko da bai kai ta ba tukuna.

A nan ne illar harafin W take bayyana. Ba ya taɓa matsakaicin maki, amma yawanci ana ƙidaya shi a cikin kiredit ɗin da aka yi wa rajista ba a ci ba. Ɗalibar da ta yi rajistar kiredit 36 ta ci 30 tana da kashi 83 cikin 100. Idan ta ɗauki wasu 12 ta janye daga dukkansu, ta koma 30 cikin 48, wato kashi 62.5, ƙasa da abin da ake bukata.

Ɗaliban jinya sun fi shiga wannan haɗari saboda yadda ake shiga fannin. Kafin a ɗauke su sai sun yi kwasa-kwasan share fage, kamar ilmin sassan jiki da ilmin aikin gaɓoɓi da na ƙwayoyin cuta da na sinadarai. Saboda gurabe kaɗan ne kuma masu nema da yawa, wasu kan maimaita kwas da suka riga suka ci domin su ƙara maki. Doka ta yarda a biya tallafi don maimaita kwas da aka ci sau ɗaya kawai, kuma kowace maimaitawa tana shiga lissafin iyakar lokaci. Don haka ɗalibi na iya shiga sashen jinya alhali ya riga ya cinye kaso mai yawa daga cikin damarsa.

Wanda ya gaza ma'aunin ba a yanke masa tallafi nan take a ko'ina ba. Makarantun da ke aunawa a ƙarshen kowane zango suna iya ba shi zango ɗaya na gargaɗi, yana karɓar tallafi. Idan bai gyara ba, sai tallafin ya tsaya. Yana iya shigar da koke idan makarantar tana karɓa, bisa dalilin rasuwar ɗan'uwa, ko rauni, ko rashin lafiya, ko wani uzuri na musamman. Dole koken ya bayyana abin da ya jawo gazawar, da kuma abin da ya sauya wanda zai sa ba za ta sake faruwa ba. Idan an amince, sai a sa shi a matakin gwaji na zango ɗaya, ko a tsara masa jadawalin karatu da zai bi. A wannan mataki dalilin janyewa yana da tasiri.

3.6 Iyakar Tallafin Pell da Wa'adin Fara Biyan Rance

Tun daga ranar 1 ga Yuli, 2012, ɗalibi ba zai karɓi tallafin Pell fiye da na zango 12 na cikakken karatu a tsawon rayuwarsa ba, wato kimanin shekara shida. A misalin da aka kawo a sashe na 3.4.1, ba a mayar da kome daga Pell ba, saboda haka zango guda ya fita daga cikin 12 ba tare da ɗalibar ta ci ko kiredit ɗaya ba. Haka kuma rancen tarayya yana da iyakar jimilla: dala 31,000 ga ɗalibin digirin farko da ke ƙarƙashin iyayensa, da dala 57,500 ga mai zaman kansa.

Bugu da ƙari, ɗalibin da ya bar makaranta, ko ya sauka ƙasa da rabin cikakken nauyi, wato ƙasa da kiredit shida inda cikakken nauyi yake 12, yana da sararin wata shida kafin ya fara biyan rance. Idan ya koma kafin wata shidan su cika, sararin na nan yana jiransa cikakke. Ɗalibin tarihi ko lissafi yana iya komawa a zango na gaba. Ɗalibar jinya kuwa, wadda kwas ɗinta ba zai sake zagayowa ba sai baɗi, kuma komawarta ta dogara ga samun gurbi, za ta iya cinye sararin tun kafin ta koma. Idan ta koma za a ɗage mata biya, amma ranar da ta kammala, biyan tsohon rancen zai fara ba tare da wani sarari ba, a daidai lokacin da take shirin jarrabawar lasisi. Wanda ya yi kwana 270 bai biya ba ana ɗaukarsa ya saɓa alkawari, kuma ya rasa cancantar sabon tallafi.

3.7 Tallafin da Ya Keɓanta ga Ɗaliban Jinya

Ban da tallafin Ma'aikatar Ilmi, akwai wanda ke fitowa daga ɓangaren lafiya na Gwamnatin Tarayya, wanda tushensa shi ne Dokar Horar da Ma'aikatan Jinya ta 1964. Daga cikinsa akwai rancen ɗaliban jinya, mai kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 da sararin wata tara kafin fara biya. Akwai kuma shirin Nurse Corps, wanda ke biyan kuɗin makaranta tare da alawus na wata-wata, bisa sharaɗin ɗalibi zai yi aiki na aƙalla shekara biyu a wata cibiyar lafiya mai ƙarancin ma'aikatan jinya bayan ya gama. Hausawa kan ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi wannan tallafi ya bar karatun, ko aka sallame shi, ya karya yarjejeniya, kuma za a bi shi kuɗin da aka kashe masa. Tallafin jihohi da na asibitoci masu zaman kansu su ma kowanne da nasa sharuɗɗa, waɗanda lissafin tarayya bai shafe su ba.

3.8 Hanyoyin Kare Cancanta

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da matakan da za su rage wa ɗalibi asara.

Na farko, ya san ranaku uku tun farkon zango: ranar da makaranta ke daina mayar da kuɗin karatu, da ranar ƙarshe ta samun W, da ranar da zango ke haura kashi 60 cikin 100. Idan ranar ƙarshe ta W ta zo bayan ranar kashi 60, akwai 'yan kwanaki a tsakani da ɗalibi zai iya janyewa bai faɗi ba, kuma ba a mayar da kuɗi ba. Sai dai wannan na bukatar ya ci gaba da halarta da gaske har zuwa ranar.

Na biyu, ya tuntuɓi ofisoshi biyu kafin ya sa hannu a kowace takarda. Mai ba da shawara a sashen jinya yana duban yadda ɗalibi zai guje wa faɗuwar da za ta kai ga sallama, don haka yakan ba da shawarar janyewa. Ofishin tallafin kuɗi shi ne zai iya lissafa abin da janyewar za ta ci. Shawarar ɗayansu ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Na uku, ya duba ko akwai abin da bai kai janyewa gaba ɗaya ba. Ci gaba da kwas ɗaya har ƙarshen zango yana hana lissafin mayar da kuɗi. Wanda ya kusa gamawa yana iya neman malami ya rubuta masa I, wato aikin da ba a kammala ba, ya cike daga baya. Akwai kuma hutun karatu da doka ta amince da shi, wanda ba ya wuce kwana 180 a cikin wata 12. Amma a karatun da ke tafiya zango-zango, sharaɗinsa shi ne ɗalibi ya dawo daidai inda ya tsaya, abin da ke da wuyar cikawa a karatun jinya. Wanda kuma bai dawo ba, ana mayar da ranar janyewarsa baya zuwa lokacin da ya tafi.

Na huɗu, idan janyewar ta zama dole, ya yi ta da sanarwa a rubuce, ya kuma adana takardun likita ko shaidar rasuwa, domin su ne hujjarsa ranar da zai shigar da koke.

Ya kamata a lura cewa sassauci na bai-ɗaya daga Majalisa yake fitowa. An ga haka a watan Maris na 2020, lokacin da dokar agajin annobar korona ta ɗauke wajabcin mayar da kuɗi ga waɗanda suka janye saboda annobar, ta kuma ba makarantu damar cire waɗannan kiredit daga lissafin saurin tafiya. Wannan sassauci na wucin gadi ne, kuma ya wuce tare da dokar ta-ɓacin annobar.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an bayyana tushen tallafin tarayya da ire-irensa, da ma'anar janyewa, da ƙa'idar mayar da kuɗi, da ta ci gaba mai gamsarwa, da iyakokin Pell da rance. An nuna cewa ƙa'idojin iri ɗaya ne ga dukkan ɗalibai, amma sun fi yi wa ɗalibin jinya nauyi, domin kwasa-kwasansa a jere suke, aji da asibiti a haɗe suke, kuma damar maimaitawa kaɗan ce. Janyewar da ta kare shi daga sallama tana iya bar masa bashin makaranta, ta rage masa saurin tafiya, ta kuma cinye masa sararin biyan rance, alhali zama har ƙarshe domin kare kuɗi yana iya kai shi ga faɗuwa ta biyu. Babi na gaba zai duba sharuɗɗan sake karɓar ɗalibin da ya janye, da yadda sassan jinya ke raba guraben da suka rage.